Shaidun Bahago

Shekara arba'in da ɗaya Evaristo yana tsayawa a wuri ɗaya, minti uku a kowace shekara, kuma duk faɗin Valdemuela babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ko girarsa ta motsa.

Al'adar garin ce. In an gama yankan inabi, ran Lahadin ƙarshe ta Satumba da tsakar rana, sai a wangale ƙofar tsohon rumbun hatsi, a ja labule, a ga mutum goma sha ɗaya da kare ɗaya sun ƙame kamar an dasa su. Wani tsohon zane na fadar Sarki, wanda ke Madrid, suke kwaikwaya da jikinsu. Ga 'yar gimbiya a tsakiya cikin siket mai faɗin tebur, kuyanga ta durƙusa tana miƙa mata ɗan tulun jan yumɓu, ga wadanniya, ga kare kwance. Sarki da Sarauniya suna bayan wani firam da aka lulluɓe da gidan sauro don su yi kama da masu leƙowa ta madubi. Can baya wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kan matakala, ba a san shigowa zai yi ko fita ba. Sai mai zanen kansa, tsaye gaban ƙaton allonsa, buroshi a hannu. Ƙararrawar coci za ta buga sha biyu, ta huta, ta sake bugawa saboda waɗanda ke gona. Wanda ya motsa kafin ta gama a yi masa fito na ba'a, baɗi kuma ya kalla daga ƙasa.

An canza gimbiya sau goma sha tara saboda girma. An canza kare sau shida saboda mutuwa, sau ɗaya saboda hali. Mai zane ne kaɗai ba a taɓa canzawa ba.

Asalin abin wata kalanda ce da wani mai sayar da takin zamani ya raba a shekarar 1983. Har gobe tana rataye a mashayar Paca, tsakanin cinyoyin naman da ake shanyawa da akwatin talabijin, hayaƙi ya mai da ita launin shayi. A jikin kalandar mai zane yana ɓangaren dama, kare yana hagu, buroshi kuma yana hannun hagun mai zane. Da kwamitin biki ya tashi neman wanda zai tsaya a gurbinsa, sai aka ce ai sai bahago. Bahagon da ya rage a garin, wanda bai daina ba kuma bai ɓoye ba, shi ne Evaristo mai fentin gidaje.

Ba wai ba a yi ƙoƙarin raba shi da hagun ba. Yana aji ɗaya malamin makaranta ya riƙa ɗaure masa hannun a ƙafar kujera da igiyar ɗaurin dami, kullum daga safe har a tashi. Ubansa ya ce a ɗaure, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara uku ana tanƙwarawa. Abin da aka samu shi ne hagun ta ƙi mantawa, damar kuma ta koyi rawa. Ba ta da matsala da bokiti ko tsani ko faifan launi, amma da zarar an sa mata abu siriri, alƙalami ko cokali ko buroshi, sai ta kama karkarwa kamar mai jin sanyi. Saboda haka ranar da dattawan kwamiti suka same shi a kan tsani suka ce, "Evaristo, sauko, hannunka muke nema," sai da ya tambaye su wanne. Da suka ce na hagu, ya daɗe bai sauko ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa Herminia, amma wannan ce ranar da ya fi so a rayuwarsa, har da ranar aurensu a lissafi.

A watan Yunin bana aka samu bas kyauta da za ta kai 'yan fansho Madrid. Doña Amparo, tsohuwar mai kemis kuma shugabar kwamiti, ta ce abin kunya ne gari ya yi shekara arba'in yana kwaikwayon zanen da rabin mutanensa ba su taɓa gani ba. Gaskiyar magana ma ba rabi ba ne. Waɗanda suka taɓa zuwa Madrid, asibiti ya kai su ko jana'iza.

"Me zan je in gani?" in ji Evaristo. "Ni da nake ciki."

"Za ka je," in ji Herminia. "Na riga na soya wainar ƙwai ta mutum biyu."

A bas ya zauna gaban Casiano mahauci, wanda shekara talatin ke nan yana tsayuwar bakin ƙofa. Aji ɗaya suka yi, kuma tun daga lokacin suke faɗa ba tare da sun taɓa ɓatawa ba.

"Bahago, yau za ka ga ubangidanka."

"Kai ma za ka ga naka, Sarkin Fawa. Sai dai ka tafi da tabarau, don na ji an ce bai kai yatsa tsawo ba."

"Ai shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kai kana gaba da farin gashin baki, ni ina can baya kamar wanda ya zo karɓar bashi aka ce ya jira. Ranar da ka mutu, rigar mai zanen nan tawa ce."

"Sai ka fara koyon cin abinci da hagu."

A gidan adana zane-zane wata yarinya mai ɗan kati a ƙirji ta ja su ɗaki bayan ɗaki, har suka shiga wani babban zaure. Can ƙarshensa ga zanen. Mutum ashirin da bakwai daga Valdemuela suka tsaya cak.

Kare yana dama. Mai zane yana hagu.

Paca ce ta fara samun baki. "Sun rataye shi a juye."

"Yaya za a rataye zane a juye, Paca?" in ji Herminia. "Sai dai in fuskarsa za ta kalli bango."

"To wani dai ya juya wani abu."

Yarinyar ba ta san abin da ke damunsu ba, sai ta ci gaba da aikinta. Ta ce mai zanen, Velázquez, ya zana shi a 1656, a fadar Sarki Felipe na Huɗu, lokacin da ƙasar ta gaji da yaƙe-yaƙe, baitulmali ya bushe, Sarki kuma ya binne ɗan da yake sa ran zai gaje shi. Gimbiyar nan shekararta biyar. Ta ce su duba madubin can baya: Sarki da Sarauniya ne, ke nan suna tsaye ne daidai inda mai kallo yake tsaye, kuma kowa a cikin zanen su yake kallo. Ta nuna jan gicciyen da ke ƙirjin mai zane, alamar wata sarautar girmamawa, ta ce daga baya aka ƙara shi, don lokacin da aka yi zanen bai samu sarautar ba tukuna. A zamanin, wanda yake cin abinci da aikin hannunsa ba a ba shi irin wannan girma. Sai da aka bi gari-gari aka tara shaidu ɗari da arba'in da takwas a kan asalinsa da halinsa, da yawansu suka rantse cewa bai taɓa zane don sana'a ba, don nishaɗi kawai yake yi da faranta ran Sarki.

"Mutumin da ya yi shekara talatin yana zane a fada?" in ji Casiano. "Kuma aka yarda?"

"Ba a yarda duka ba, Baba. Sai da Sarki ya kai maganar har wurin Fafaroma. Bai cika shekara da gicciyen ba ya rasu."

Evaristo bai ji rabin wannan ba. Idonsa yana kan buroshin, buroshin kuma yana hannun dama. Ya rasa inda zai ajiye hagunsa sai ya cusa ta a aljihu.

Da sauran suka wuce neman wurin zama, shi ya matsa har bakin igiyar da aka gitta. Niyyarsa ya ƙare wa hannun nan kallo, ko zai samu abin kushewa. Da ya zo kusa sai ya ga babu ma hannu. Shafe uku ne ko huɗu, yatsun sun narke sun shige cikin buroshin, ba ka sanin inda mutum ya ƙare inda kayan aiki ya fara. Ya ja da baya taku biyar, hannu ya dawo, har da jijiya. Ya sake matsawa, ya ɓace. Sau uku yana yin haka.

Sannan ya ɗaga kai, ya ga abin da kalanda ba ta taɓa nuna masa ba. Mai takin zamani ya yanke saman zanen don ya samu wurin sa sunan shagonsa. Ashe kusan rabin zanen bango ne da silin. Bango kawai, irin wanda Evaristo ya yi shekara hamsin yana shafawa. Amma wane irin bango! Ya fara ƙirga kalolin ruwan tokar da ke ciki, mai ɗan kore, mai ɗan ja, wadda hasken taga ya taɓa, wadda bai kai gare ta ba, ya kai sha huɗu ya rikice. Har iskar da ke tsakanin silin da kawunan mutane an zana ta. Duk fushin da ya zo da shi sai ya neme shi ya rasa. Mutumin nan ya ba silin haƙƙinsa kamar yadda ya ba 'yar Sarki, kuma mai fenti ne kawai zai san wahalar da ke cikin haka. Ya ji yana son mutumin, so irin na ɗan'uwan sana'a, kuma wannan ya ƙara masa ciwon abin.

Yarinyar ta dawo nemansa.

"'Yata, in tambaye ki. Wanda zai zana kansa, ai madubi zai kalla ko?"

"Galibi haka ne, Baba."

"To madubi ai juya hannu yake yi. In na riƙe buroshi da hagu, na cikin madubi da dama zai riƙe. Ba mamaki shi ma..."

Ta kalli aljihun da ya ɓoye hannunsa, ta gane. "Masu zane sun san da wannan, Baba, gyarawa suke yi. Babu wata takarda da ta ce bahago ne. Da akwai, wallahi da na ba ka."

Ya yi mata godiya. Da ya juya sai ga Casiano tsaye a bayansa, kamar kullum, ya ji komai.

A bas ɗin dawowa ba wanda ya yi waƙa, don kowa ya gane kalandar ce aka buga a juye. Kafin su kai gida Doña Amparo ta yanke hukunci. Bana gidan talabijin na lardi zai zo ɗaukar bikin, kuma ba za ta yarda a mai da Valdemuela abin dariya ba. Za a juya komai. Ƙofa ta katako ce, a ɗauke ta a mayar wancan gefe. Kare bai san dama da hagu ba. Mai zane kuwa ya riƙe buroshi da dama, ba motsi, in ba zai iya ba ya ba wanda zai iya. Ta ba shi zuwa taron kwamiti na ƙarshen Agusta. Ba muguwar mace ba ce, ta dai yi shekara arba'in tana auna magani, kuma a wurinta kuskure kuskure ne ko da ya tsufa.

Washegari aka ga Casiano a wurin tela ana gwada masa faɗin kafaɗa.

Evaristo ya karɓi makullin rumbu, ya ce zai sake fentin bango. Ba ƙarya ya yi ba. Ya kafa tsani, ya dama fenti ruwan toka kala-kala a gwangwanaye tara, ya shafe bangon baya da silin yadda ya gani a Madrid, iya abin da hannunsa ya iya. Amma kullum in ya sauko daga tsani sai ya tsaya gaban allon, ya sa buroshi a dama, ya kalli agogo. Daƙiƙa goma sai rawa ta fara. Ya gwada da safe kafin shan kofi, ya gwada bayan kofi, ya gwada bayan tambulan ɗaya na giya, ya gwada bayan uku. Mafi tsawon da ya taɓa kaiwa daƙiƙa ashirin da biyu.

A gida ya koma cin abinci da dama. Herminia ta yi mako guda tana wanke miya daga rigunansa. Ranar da ya fito daga aski da yanka uku a haɓa, ta ajiye tsumma.

"Maigida, kai fa shekararka sittin da takwas. Abin da malami da igiya suka kasa, kai za ka iya da reza?"

"Minti uku ne kawai, Herminia."

"To ka bar musu mana. Mutuwa za ka yi in ka kalla daga ƙasa?"

Ya juya ya tafi wanke rezarsa. Ba ta sake tambaya ba, don ta ga amsar a fuskarsa.

Saura kwana biyu taro, wata dabara ta zo masa. In ya tsuke wuyan hannun a jikin ɗamararsa, hannun riga zai rufe, wataƙila rawar ta ragu. Ya duba rumbun, ya samu igiyar ɗaurin dami a wani lungu. Ya ja ƙulli da haƙori, ya ɗaure damar tamau, ya sa mata buroshi, ya tsaya. Buroshin ya ci gaba da rawarsa, sai dai yanzu har da ɗamarar.

Haske ya ragu a ɗakin. Ya waiga. Casiano ne a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kan matakala, sabuwar baƙar riga a kafaɗarsa, ya zo gwada ta gaban allo. Ya kalli igiyar. Ya daɗe yana kallonta. A ajinsu na da, Casiano ne yake zama a kujerar baya, kusa da kabad, saboda haka shi malami yake aika kullum ya ɗauko igiya. Shekara sittin ba wanda ya taɓa tayar da maganar a tsakaninsu.

"An ce za a yi ruwa ran Alhamis," in ji Casiano.

"Haka na ji."

Ya juya ya fita.

Ranar taro mashayar Paca ta cika har waje. Evaristo ya zo da buroshinsa naɗe a jarida. Da Doña Amparo ta kira sunansa ya miƙe, ya ajiye ƙunshin a kan tebur, ya ce ya gwada bai iya ba, a ba Casiano. Ya ce a kula da gashin buroshin, ba ya son ruwan zafi.

"Dakata," in ji Casiano. Ya shiga bayan kanta ya ciro madubin da Paca ke duba kwalliya, ya jingina shi da kwalaben giya. Ya kwance jaridar, ya danƙa wa Evaristo buroshin a hagu, ya juya shi ya fuskanci madubin. "Jama'a, na cikin madubin nan da wane hannu ya riƙe?"

Aka leƙa. Aka yi ta gwada hannuwa. Daga ƙarshe aka yarda da dama ne.

"To mutumin can madubi ya kalla ya zana kansa. Na Madrid abin da madubi ya gani ne. Namu kuwa yadda ɗakin yake ne. Bahago ne, ni shaida ne."

"Casiano," in ji Evaristo, "kana tsaye yarinyar ta ce ba haka ba ne. Ta ce gyarawa suke yi."

"Wa ya tambaye ka? Kai ake yi wa shari'a, ba kai ne shaida ba. Zauna."

Doña Amparo ta cire tabarau. "Casiano, kai ka san mutumin? Shekara ɗari uku da sittin da rasuwarsa."

"Shekara talatin ina tsaye a bayansa, ranki ya daɗe. In ban san hannunsa ba, wa zai sani? Rubuta sunana."

Paca ta ce ita ma shaida ce, tun tana amarya take kallonsa daga bayan kanta, bai taɓa canza hannu ba. Tsohon da ke yin Sarki ya ce shi ake zanawa, kuma da hagu aka zana shi. Wata mata mai 'ya'ya uku, wadda ita ce gimbiya ta huɗu, ta ce tana iya rantsuwa a coci. Mai kare ya ce ya shaida, karen ma ya shaida. Doña Amparo, da yake mace ce mai tsari, ta jawo takarda ta fara rubuta sunaye, tana cewa wannan shirme ne, tana tambayar kowa yadda ake rubuta sunan mahaifinsa. Aka aika gida-gida aka kira na kwance. Da aka kai ɗari da arba'in da bakwai mutane suka ƙare.

"Saura ɗaya a kai yawan shaidun wancan na Madrid," in ji Casiano.

Doña Amparo ta kalli takardar, ta kalli kalanda, ta kalli Evaristo da har yanzu yake riƙe da buroshi gaban madubi. Ta yi tsaki, ta rubuta sunanta a ƙasa.

Ran Lahadin ƙarshe ta Satumba aka ja labule. Kare yana hagu, mai zane yana dama, a bayansu bango da silin masu toka kala tara, har ɗan gidan talabijin ya tambayi wanda ya yi. Ƙararrawa ta fara bugawa. Evaristo ya ɗaga hagunsa, ya kafa ido a inda ya kamata Sarki ya tsaya, wato inda jama'ar gari suke tsaye da hulunansu a hannu. Sha biyun farko ta wuce. Cikin shirun da ke tsakani, daga can bakin ƙofa, ya ji muryar Casiano ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya iya magana ba tare da ya motsa leɓe ba.

"Bahago. Ni nake ɗauko igiyar."

"Na sani," in ji Evaristo ta cikin haƙora.

"To ka ji dai."

Ƙararrawa ta sake farawa. Wani abu mai ɗumi ya taru a idon Evaristo, ya gangaro ta gefen hanci, ya shige gashin baki. Dukan gari suna kallo, kuma ba wanda ya yi fito. Bai samu damar sharewa ba, don duka hannuwansa biyu suna bakin aiki.